Injin jirgin ruwa da ke mutuwa idan an murza totur: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun shafi tsohon injin da ake rataye wa jirgi a baya, mai shan fetur gauraye da baƙin mai, irin su Yamaha Enduro mai doki 15, 25 da 40 da suka cika bakin ruwa daga Yawuri da tafkin Kainji har Lakwaja da Baga. Ciwon guda ne: inji ya tashi lafiya, yana silo lafiya, amma da an sa giya an murza totur sai ya shaƙe, ya yi kakari, ya mutu.

Me ya sa yake silo sumul amma ya kasa ɗaukar totur?

Domin abin da silo ke buƙata kaɗan ne. Ɗan mai da ke zirara ta ƙaramar ƙofa ya ishe shi, kuma ko silinda ɗaya ce ke aiki zai iya ci gaba da juyawa. Da ka buɗe totur, iska ce ke fara kwarara ciki, kuma dole mai ya biyo ta nan take, gwargwadon yawanta. Idan bai biyo ba, sai iska ta rinjayi mai, wuta ta kasa kamawa. Shi ya sa galibin injunan da ke wannan hali yunwar mai ke damun su. Sauran kuwa ko wutar fulogi ce ta yi rauni, ko fistan da ringi sun gaji, ko kuma nauyin da ke kan farfela ya fi ƙarfinsu.

Bi abin daki-daki daga tanki zuwa inji. Abubuwan da suka fi kawo wannan matsala su ne mafi arha, kuma yawancinsu ana gano su ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

To, daga ina zan fara?

Daga murfin tanki. A samansa akwai ɗan sukuru na shan iska. Idan yana ɗaure, ko laka ta toshe shi, mai na fita amma iska ba ta maye gurbinsa, sai tankin ya riƙe man. Irin wannan injin yakan yi tafiya ta wasu mintuna kafin ya fara shaƙewa. Kwance murfin gaba ɗaya ka gwada. Idan ka ji "fuu" lokacin buɗewa, ko ka ga tankin roba ya lotsa ciki, ka kama ɓarawon.

Daga nan sai tiyo da robar nan mai kamar ƙwai da ake matsawa don tura mai. A jikinta akwai kibiya, kuma kibiyar inji take nunawa. Matsa ta har ta yi tauri. Idan ta ƙi tauri, ko dai bawul ɗin cikinta ya mutu, ko tiyo yana zuƙar iska, ko mai yana malala cikin kafireta. Bi tiyon da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, kana lanƙwasa shi, musamman kusa da bakin da ke shiga inji. Rana tana busar da roba, kuma tsagar da ba ta ɗigar da mai tana iya shigar da iska. Mahaɗin da ake ƙyastawa a jikin inji shi ma yana da 'yar zoben roba a ciki da ke cinyewa.

An ce in riƙa matsa robar yayin da inji ke gudu. Me zan gane da haka?

Wannan gwaji ya fi kowanne amfani, kuma kyauta ne. Sa wani ya riƙe tuƙi, a murza totur zuwa inda injin ya saba shaƙewa, kai kuma ka riƙa matsa robar a kai a kai.

Idan injin ya farfaɗo muddin kana matsawa, ya koma shaƙewa da ka daina, hannunka ne ke yin aikin famfon mai. Ke nan famfon ya gaza, ko kuma iska na shiga tiyo. Idan ka tarar robar ta shafe ta manne, ta ƙi cika, toshiyar tana bayanta: mashaƙar murfi ko rariyar da ke bakin bututun cikin tanki. Idan kuwa robar na nan da taurinta, matsawa ba ta canja komai ba, mai yana isa bakin kafireta, matsalar na cikinta ko tana wajen wuta.

Idan na ja cok kaɗan sai ya ɗauka. Ba sai in ci gaba da tafiya haka ba?

A'a, don Allah kada ka yi. Ka dai sami amsa: cok yana rage iska, don haka idan injin ya ji daɗi da shi, mai ne ya yi masa kaɗan, kuma mafi yawa jet ne, wato ɗan tagulla mai ƙaramin huji da mai ke bi a cikin kafireta, ya toshe. Amma tafiya a haka ita ce hanyar da ake kashe inji baki ɗaya.

Ga dalili. Injin mota yana da kaskon baƙin mai a ƙasansa, ko fetur ya yanke ƙarafunsa na jiƙe. Wannan injin ba shi da kasko. Duk baƙin man da zai shafi fistan, ringi da boris ɗin kiranshaf a cikin fetur yake shigowa. Silindar da ba ta samun isasshen fetur ba ta samun isasshen baƙin mai, kuma ga shi cakuɗin da iska ta yi wa yawa ya fi zafi wajen ƙonewa. Abu biyu ke nan a lokaci guda: zafi ya ƙaru, santsi ya ragu. A injin da ke da kafireta biyu abin ya fi muni, domin silinda mai lafiya za ta ci gaba da jan wadda ke bushe, kai kuma kana jin inji yana tafiya. Ranar da aka buɗe, sai a ga gefen fistan ya kakkarce, ringi ya manne a raminsa. Wankin kafireta na yini ɗaya ya koma sayen fistan da gyaran silinda.

Idan a tsakiyar ruwa abin ya same ka, lallaɓa da ƙaramin totur zuwa gaɓa mafi kusa, ka tsaya nan.

Idan kuma cok ya ƙara kashe shi fa?

To ba yunwa ba ce. Ko mai ya yi masa yawa, ko wuta ce babu. Cire fulogi ka duba: idan baƙi ne, jiƙe, yana warin fetur, ka koma kan tambayoyin wuta da famfon mai da ke ƙasa.

Ta yaya zan san ruwa ya shiga man?

Tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki cikin farar kwalba mai tsabta, ka ajiye ta minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa, ka gan shi da layinsa. Kwance sukurun da ke gindin kofin kafireta ma, ka tara abin da ya fito a kan murfin gwangwani: ruwa yakan taru ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa ƙarƙashin man. A silo ruwan na kwance a ƙasan kofi ba ya damun kowa. Babban jet kuwa daga ƙasa yake zuƙa, don haka da an buɗe totur shi zai fara sha.

Mai aikin ruwa ba kasafai yake samun gidan mai kusa ba, wajen 'yan bumburutu yake saye, a jarkar da ba a san abin da ta ɗauka jiya ba. Ko gidan mai ma ba tabbas: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan methanol Najeriya, ya lalata injunan mutane da dama. Tace duk man da za ka zuba da mazurari mai rariya ko kyalle mai tsabta, ka kuma rufe tanki daga ruwan sama da feshin igiyar ruwa. Man da ya kwana watanni a tanki a zubar da shi. Shi ne ke barin wani danƙo ja-ja a cikin kafireta.

Kananzir kuma kada ya kusanci wannan inji. Yamaha na ƙera wasu na musamman masu shan kananzir, masu lamba EK, waɗanda ake tayarwa da fetur. Naka idan ba irinsu ba ne, kananzir zai sa shi ƙwanƙwasa, ya tara masa gawayi.

Nawa ne ma'aunin baƙin mai, kuma wanne zan sa?

Ga yawancin waɗannan injuna, kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai: rabin lita a lita 25, ko mililita 400 a jarka mai lita 20. Sabon inji, ko wanda aka sa wa sabon fistan, ana ninka masa baƙin man a sa'o'in farko. Duba abin da aka rubuta a jikin naka ko a littafinsa. Man da ya dace shi ne na injin ruwa mai alamar TC-W3. Baƙin man mota ba a yi shi don ƙonewa ba, toka yake bari a kan fulogi, a ramin ringi da mafitar hayaƙi, har inji ya kasa fitar da numfashi idan an ba shi totur.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma ba wanda zai zargi mai jirgi da haka. Amma baƙin mai ba wurin tsimi ba ne. Zubawa da ido ma a daina: a sami kwalba a yi mata alama, a zuba baƙin man a ɗan fetur a girgiza, sannan a cika.

Bakanike ya wanke kafireta, amma ba abin da ya canja. Me ya faru?

Tambaye shi yadda ya wanke. Da yawa kofi kawai suke cirewa, su watsa fetur, su mayar. Wannan kurkure ne. Wanki shi ne a kwance babban jet, da ƙaramin jet na silo, da dogon bututun tagulla da ke saman babban jet mai ƙananan huji a gefensa, a ɗaga kowanne a hasken rana har a ga haske zagaye ta cikinsa. Sai a hura iska ta kowace hanya a jikin kafiretar, a tabbata ta fito ta ɗaya ɓangaren. Kusa da faifan totur akwai wasu 'yan huji biyu ko uku da ba su kai kan allura ba. Su ne ke ciyar da inji a daidai lokacin da yake barin silo kafin babban jet ya karɓa, kuma injin da ke mutuwa da zarar an taɓa totur sau da yawa su ne suka toshe.

Kada a zura allura ko wayar ƙarfe cikin jet. Tagulla ce, tana da laushi, kuma hujin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Silin wayar lantarki guda ɗaya mai laushi ko gashin buroshi ya isa. A duba abin nan mai yawo a kan mai cikin kofi, da allurarsa: idan ya sha mai ya yi nauyi, kafireta za ta riƙa ambaliya, idan kuma an lanƙwasa shi ya rufe da wuri, kofin ba zai cika ba. Gasket ɗin da ke tsakanin kafireta da inji idan ya yage a sa sabo, domin iskar da ta shiga ta nan ba ta ɗauko mai ba.

Sukurun silo kuwa, kafin a cire shi a ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ana ƙirga zagaye, don a mayar da shi inda yake. Murɗa shi ba ya buɗe jet ɗin da ya toshe, ɓoye ciwon kawai yake yi.

Famfon mai fa, yaya ake gane ya mutu?

Ba shi da lantarki ko bel. Wata siririyar fatar roba ce a ciki da bugun iskar cikin inji ke kaɗawa. Idan ta tsufa ta yi tauri, ba ta turo abin da zai ishi babban totur. Idan ta huje, fetur zai bi ta hujin ya zuba kai tsaye cikin silindar da famfon ke manne da ita, sai ka ga fulogi ɗaya kullum a jiƙe, ɗayan a bushe. Kwance famfon daga jikin inji, ka bar tiyo a haɗe, ka matsa robar hannu: idan mai ya fito ta hujin baya, fatar ta yage. Ana sayar da fatar da gasket ɗinta daban, ba sai an sayi famfo ɗungurungum ba. Ka wanke 'yar matatar mai da ke kusa da shi tun da ka zo wurin.

Na ga fulogi yana ba da wuta. Ke nan ba matsalar wuta ba ce?

Ba lallai ba. Wutar da ke tsallake bakin fulogi a fili ba ita ce ke tsallakewa a cikin silinda ba, inda iska ke matse. Kwayil mai rauni zai nuna maka wuta a waje, ya kasa a ciki idan an ɗora nauyi. Gwajin gaskiya shi ne wutar ta tsallake tazarar kusan milimita 7, shuɗiya, tana ƙara "tas". Akwai ɗan abin gwaji da ake sayarwa don haka. Kada a riƙe waya da hannu, kuma a nisanta gwajin daga fetur.

Fara da sabbin fulogi na ainihi masu lambar da aka rubuta wa injin. A fulogin NGK, idan ka ga -10 a ƙarshen lamba, tazarar bakinsa milimita 1 ce. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado. Bayan tafiya kaɗan, kashe inji ka taɓa fulogin biyu a hankali: wanda ya yi sanyi, silindarsa ba ta aiki. Musanya kwayil ɗin biyu idan injin na da biyu. Idan ciwon ya bi kwayil zuwa ɗaya silindar, ka san abin saye.

Injin da ke lafiya da safe, ya fara yankewa bayan ya yi zafi, ya kuma dawo daidai idan ya huce, a zargi kwayil ɗin ƙarƙashin fulawil (babban faifan ƙarfe da ke juyawa a saman inji) ko akwatin CDI mai sarrafa wutar fulogi. Amma kafin a sayi akwatin, mai tsada ne, a duba makashin inji. Ruwa da tsatsa na sa shi satar wuta, kuma cire wayarsa na ɗan lokaci zai nuna ko shi ne. Haka nan sandar da ke haɗa totur da faifan wuta: a irin waɗannan injuna murza totur yana gaggauta lokacin wuta tare da buɗe kafireta, kuma idan faifan ya ciza ko sandar ta goce, kafireta za ta buɗe wuta ba ta biyo ba.

A cikin duro yana ɗaukar totur, a kogi sai ya ƙi. Me ya sa?

A firi ba abin da yake ja, don haka injin da silinda ɗaya kaɗai ke masa aiki ma zai yi ihu. Gwajin da ake yarda da shi shi ne a jikin jirgi, a giya, cikin ruwa. Kuma kada a riƙa zabga masa totur a firi. Tayar da shi ba ruwa kuwa, ko na ɗan lokaci, yana ƙona robar famfon ruwa.

Da na cire murfin inji sai ya gyaru. Wannan fa?

Hayaƙi ne ke zuba cikin murfin ta gasket da ya ƙone, injin yana shaƙar hayaƙinsa. Nemi inda baƙi ya tara a ƙasan injin. Ko kuma mashigar iskar murfin ce ta toshe.

Farfela ko kaya za su iya jawo haka?

Ƙwarai. Kashe inji, ɗaga ƙafarsa ka duba. Igiyar koma, leda da ciyawar ruwa suna naɗewa a bayan farfela inda ido ba ya gani sai an cire ta, kuma zaren koma yana yanka robar da ke tsare man giya. Farfela mai zurfin yanka, wadda aka yi wa ƙaramin jirgi mai gudu, ba za ta juya a ƙarƙashin babban jirgin katako mai buhunan hatsi ba. Waɗannan injuna an yi su su kai juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe totur duka, kuma wanda aka danne ƙasa da haka kullum yana cin kansa. Jirgin kaya farfela mai ƙaramin yanka yake so.

Lodin da ya wuce kima kuwa ba maganar inji kaɗai ba ce. Jirgin da ruwa ya kusa bakinsa, injinsa ya mutu a tsakiyar kogin Neja lokacin cikar ruwa, ya juya gefe ga igiya. Rayuka da yawa sun salwanta a haka a Kebbi da Neja da Kwara. Filafili da rigunan ruwa su kasance cikin jirgi ko da injin sabo ne.

Idan inji yana ihu jirgi ba ya tafiya, wannan wani ciwo ne dabam: robar tsakiyar farfela ce ta saki.

Zafi na iya kashe shi?

Yana iyawa. Dubi ruwan da yake tsartowa ta baya. Idan ya yi rauni ko ya tsaya, kashe shi nan take. Yashin gaɓa yana cinye robar famfon ruwa, leda kuma na rufe mashigar ruwa a ƙafar inji. Injin da ya yi zafi yakan rage gudu da kansa, ya ɗaure, bayan ya huce ya sake tashi kamar ba komai. Kowane ɗaurewa irin wannan yana barin tabo a jikin fistan.

Na duba duk waɗannan, har yanzu yana mutuwa. Injin ya ƙare ke nan?

A auna matsin silinda da agogon awo, fulogi duka a cire, totur a buɗe, a ja igiya sau huɗu ko biyar. Abin dubawa shi ne kusancin silindar biyu: bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana nufin ringi, fistan ko gasket ɗin kai. Idan matsin ya yi kyau, saura robobin da ke rufe bakin kiranshaf sama da ƙasa, waɗanda idan sun tsufa suke shigar da iska, da siraran faifan bawul da ke bayan kafireta. Alamar waɗannan faifan ita ce kafireta ta riƙa tofo mai waje. Injin da ya taɓa bugun dutse ko kututture da ƙarfi kuma, a cire fulawil a duba ɗan makullin da ke riƙe shi a kan kiranshaf, domin idan ya goce lokacin wuta ya goce.

Duk wannan aikin bakanike ne mai kayan aiki, kuma ana gyarawa. Enduro inji ne mai sauƙin kwancewa, kayansa na samuwa. Inda gyara ba ya biyan kuɗinsa shi ne idan ruwa ya kwana a ciki boris da kiranshaf sun yi tsatsa, ko jikin silinda ya tsage. Kafin ka amince a buɗe cikin inji, ka nemi bakaniken ya yi awon a gabanka, ka ga lambar kowace silinda da idonka.